Iyon Kududdufi a Ingila

Da sunan Allah nake farawa, kuma ina roƙonsa ya tsare ni daga ƙari a cikin abin da zan faɗa, domin a ƙuruciyata cika baki ya yi mini yawa.

Sunana Buba. A shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙasar nan, ina koyar da wasannin motsa jiki a wata firamare a Bolari, cikin garin Gombe. Gwamnati ta shiga tura ma'aikata kwas ƙasashen waje, har rabon ya kai ga irinmu masu ƙaramar takardar malanta. Aka tura ni wata kwaleji a wani garin bakin teku a arewacin Ingila. Sharaɗin a fili yake. Wanda ya dawo da satifiket za a ɗaga shi zuwa sakandare, wanda ya dawo babu zai koma inda ya fito. Ni kuwa tun kafin in tashi na riga na gaya wa duk Bolari cewa sun gama ganina a firamare.

Landan ban daɗe a cikinta ba, amma ta karɓi rabonta. A tashar jirgin ƙasa wani ɗan ƙasarmu ya tare ni, Hausa a bakinsa kamar a Kano aka yanke masa cibiya, ya ce ba zai bari ɗan'uwansa ya shiga arewa da wannan 'yar rigar ba. Ya ja ni wani shago, ya zaɓa mini doguwar kwat mai sheƙi, ya rantse cewa da ita ko a kan ƙanƙara na kwana ba abin da zai same ni. Sai da na isa na gane rigar ruwa ce, roba zalla, sanyi na ratsa ta kamar gidan sauro. Ban cika ganin laifinsa ba. Sheƙin ne ya ja ni, shi dai ya lura da inda idona ya tsaya.

Na sauka a garin da la'asar, amma gari ya yi duhu kamar an fito daga magariba. Gidan da aka kama mini haya na same shi da kyar. Da na ƙwanƙwasa, wanda ya buɗe baƙin mutum ne lulluɓe da bargo, da zanen Barebari a fuskarsa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Daga ina?"

Na ce daga Gombe.

"Bafulatani?"

Na ce haka ne.

"Ikon Allah. Na ƙetare teku don in huta, sai ga bayina sun biyo ni. Shigo, ka rufe mini ƙofa, ba ruga ba ce."

"Zuwa na yi in ga yadda barana yake zaune," na ce masa, haƙorana suna kaɗawa.

Wannan shi ne Modu. Iyayensa suna zaune a Hammadu Kafi, nan gefen Gombe, ya riga ni zuwa da shekara guda, yana koyon aikin injin gurzar auduga. A ranar ya ba ni tsohuwar rigar sanyinsa ta ulu, ya ce aro ne, kada in saba.

Malamin da ke kula da ajinmu tsohon soja ne, kowa Sajan yake ce masa. Ba ya ɗaga murya, ba ya maimaita magana. Ranar farko ya tara mu ya ce karatun aji ba ya kayar da kowa a wannan kwas, abin da ke kayarwa safiya ɗaya ce a ƙarshen hunturu. A safiyar mutum zai yi iyo a tafkin kwaleji, kai da kawowa, ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. Yana fita ya hau keke ya zagaye tsaunin da ke bayan gari. Yana sauka ya kama gudu ta bakin teku ya dawo ƙofar kwaleji kafin ƙararrawar tsakar rana. Wanda ya gaza a ɗaya, ya gaza a duka. Sannan ya ce wanda bai iya iyo ba ya ɗaga hannu, a sa shi a ajin koyo.

Wasu 'yan ƙasashe suka ɗaga. Ni ban ɗaga ba, har ina kallonsu da tausayi.

A nan ba ƙarya na yi ba. A zuciyata na iya iyo. Gombe ba garin kogi ba ne, ruwan sha ma sai mai garwa ya kawo. Amma da damina kududdufan da magina suka haƙa sukan cika, mu yara mu faɗa ciki, ruwan ya kawo mana ƙirji. Sai mutum ya sunkuya, ya riƙa watsa hannu yana gaba, ruwa na fantsama, a yi ta ihu. Shi muke kira iyo, kuma a unguwarmu ba wanda ya kai ni. Ruwan ja ne kamar kunun kanwa, ba ka ganin abin da ke ƙasan gwiwarka. Ban taɓa tambayar kaina abin da ƙafafuna suke yi a ƙasa ba.

Akwai kuma maganar mai. Goggona ta cusa mini gwangwanin man kaɗe a jaka, kuma ya yi mini rana, don sanyin ƙasar ya farfasa mini fata tun makon farko. Kullum da safe sai na shafe jikina. Ranar da za mu fara shiga tafki na yi lissafi irin namu, na ce wanda zai shiga ruwa cikin wannan sanyi ai sai ya ninka. Na laɓta shi tun daga wuya har tafin ƙafa.

Tafkin a cikin wani ƙaton ɗaki yake, an shafe shi da farar tangaran, ruwan da ɗumi. Da na gan shi sai da na tsaya. Ruwan da zai ishi unguwa guda sha, an tara shi don wasa. Kuma garau yake, kana ganin zanen da ke ƙasansa. Na shiga ta gefen da ba zurfi, na sunkuya, na fara watsa hannu. Ina ji a raina kowa ya tsaya yana kallon gwaninta, kuma lalle kowa ya tsaya.

Sajan ya tako bakin tafkin ya tsuguna.

"Mista Buba, me kake yi?"

"Iyo, ranka ya daɗe."

"Hannunka na iyo. Ƙafarka kasuwa za ta."

Na dubi ƙasa. Ga ƙafafuna nan a fili, suna takawa ɗaya bayan ɗaya kamar na mai tallan goro. Dariya ta cika ɗakin. Kafin in san abin da zan ce, mai kula da tafkin, wani gajeren mutum mai farar riga, ya busa usur yana nuna bayana. Na waiga. Wani maiƙo ne ya biyo ni yana sheƙi a kan ruwa, kamar miyar da ta ji man ja. Aka fitar da kowa. Mutumin ya ce sai an zubar da ruwan an wanke, kuma ba zan sake shiga ba sai bayan hutun Kirsimeti.

Da na yi shiru da ya fi. Amma kunya ta juye mini ta zama faɗa. Na ce masa don ni baƙi ne yake ƙyamar jikina. Na sha ganin ƙyama a ƙasar, a bas da a shago, amma wannan mutum ba ita ya yi mini ba, aikinsa na ɓata masa. Fuskarsa ta yi ja. Sajan ya ja ni gefe ya ce idan wa'adin ya cika in zo ajin koyo na ranar Asabar, tare da yaran gari. Na ce to, alhali na riga na ƙudurta cewa ɗakin nan ba zai sake ganina ba sai ranar jarrabawa.

Modu ya yi dariya har ya saki bargonsa.

"Wato ka je ka yi wa Turawa miya."

"Kai ka iya ne?"

"Ni? Kakana a Tafkin Chadi ya yi iyon da zai ishe mu har jikoki. Na iya, amma ba na shiga ruwa a ƙasar da ko buta sai an dafa. Yanzu ya za ka yi?"

Na ce zan san yadda zan yi. Ban san komai ba.

Sai na mayar da ƙarfina kan abin da na iya. Na sayi tsohon keke a wajen wani mai gyara, siriri, mara nauyi. Ranar farko na hau wani tudu, da na fara gangarowa na tsayar da ƙafa don in huta kamar yadda muke yi. Feda ta ƙi tsayawa, ta ɗaga ni sama ta watsar a cikin shingen wani lambu. Na tura keken na koma wajen mutumin da zafina, na ce ya sayar mini da ɓataccen kaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce lafiyarsa lau, haka aka ƙera shi, muddin taya na juyawa feda na juyawa. Ya ce irinsa masu tseren garin suke hawa da hunturu, don yana hana ƙafa lalaci, kuma a kan santsi ya fi jin magana. Na fito ina gunaguni. Bayan mako biyu na gane gaskiyarsa. Na kuma gane cewa dusar ƙanƙara 'yar'uwar yashi ce. Wanda ya saba ratsa yashin kwarin Gombe da keke ya san ba a damƙe birki, ba a murɗa kai da ƙarfi, ba a daina taka feda. Turawan ajinmu suna ta zubewa a kwana, ni ina wucewa. Wannan ya ƙara mini girman kan da ba na bukata.

Gudu kuwa bayan sallar asuba nake fita, gari da duhu, na sa safa a hannu don ban da safar hannu. Iska daga teku takan shiga hanci kamar an shaƙa barkono. A wannan gudu ne kewar gida take kama ni. Ba wani babban abu nake tunawa ba. Ƙarar turmi da hantsi, da muryar mai fura a ƙofar makaranta, da yadda mutum ba zai yi taku goma a Bolari ba a ce masa ina gajiya ba. A can sai in ratsa gari daga wannan kai zuwa wancan, ba wanda ya ɗago ido. Ina gudu ina lissafin ranar da za a ce in shiga ruwa.

Wata safiya na zarce inda na saba juyawa, har ƙarshen gari. A nan an gina wani tafki da duwatsu a bakin teku, wanda igiyar ruwa ke cika shi idan ta taso. A gefensa na ga tsofaffi, maza da mata, sun tuɓe daga su sai kayan wanka, ga ƙanƙara a kan duwatsu. Na sauke idona saboda matan, zan wuce, sai na ga abin da ya tsayar da ni. Wani dogon tsoho ya buɗe gwangwani yana kwasar wani farin mai yana laɓtawa a ƙirji da kafaɗu.

Na matsa na gaishe shi. Ya juyo mini da kunnensa na dama, ya ce ɗayan ya daɗe da yin ritaya. Na tambaye shi ba a hana shiga da mai ba?

"Wa zai hana? Tekun na wa?"

Sunansa Tom. Ya ce kitsen tumaki ne, yana rage cizon sanyi, ko dai yana sa mutum ya ɗauka ya rage. Ban san abin da ya sa ba, sai na ji ina ba shi labarina duka, har da tafiyar ƙafa. Wataƙila don bai san ni ba ne. Bai yi dariya ba. Ya ce shi ma sai da ya yi aure ya koyi iyo, matarsa ce ta koya masa, kuma tun da ta rasu bai fasa zuwa ba.

"Gobe ka zo da tawul," in ji shi. "Ka zo da man naka mu gani."

Da na gaya wa Modu, ya ce, "An kore ka daga ruwan ɗumi, ka tafi na ƙanƙara. Wannan hankalin sai Fulani. Ka bar mini adireshin Goggo."

Shigata ta farko ba zan iya kwatanta ta ba. Ruwan bai yi kama da sanyi ba, ya fi kama da wuta. Numfashina ya ɗauke, na ji kamar an ɗaure mini ƙirji da igiya. Tom ya riƙe hannuna ya ce kada in yi komai, in fitar da iska kawai, a hankali, kamar mai hura shayi. Ban daɗe ba ya ce in fita. Wata tsohuwa mai suna Ani ta miƙo mini shayi a murfin fulas, sanyi ya sa na zubar da rabi, ta ƙara mini. Bayan kwana kaɗan ta kawo mini hular ulu da ta saƙa, ja, mai tuntu a ka. A Gombe ko yaro ba zai sa ta ba. Na sa ta har ƙarshen hunturu.

Man kaɗe kuwa ya samu karɓuwa. Tom ya shinshina, ya shafa a hannu, ya ce ya fi nasa, don nasa yana sa karnuka su bi shi har gida. Gwangwanin Goggo ya riƙa zagayawa hannu zuwa hannu, har na fara ɓoye rabi a gida.

A wannan sanyi ba a daɗewa a ruwa, saboda haka kullum abu ɗaya ake koya. Farko Tom ya sa na kwanta rigingine, tafin hannunsa a ƙarƙashin ƙeyata, ya ce in dubi sama in saki jiki kamar gawa. Na ce masa wannan misali bai yi mini daɗi ba. Sai sa fuska a ruwa, wanda ya fi komai wuya gare ni, domin da zarar ruwa ya rufe mini hanci sai ƙafata ta tafi neman ƙasa da kanta. Tom ya ce shekara talatin ta yi tana wannan aiki, ba za ta bari a kwana ɗaya ba. Daga ruwa sai in sa kaya in kama gudu zuwa gida don jini ya dawo, da rana in shiga aji, da yamma in hau keke. Haka kwanakin suka riƙa tafiya, kowace irin ta jiya.

Wata safiya Tom ya tsaya a gabana yana ja da baya, yana ba ni labarin wani karensa da ya taɓa cinye masa takalmi, ni kuma ina biye da shi ina bugun ruwa, ina ƙoƙarin jin Turancinsa. Da labarin ya ƙare ya ce in tsaya. Na sauke ƙafa, babu ƙasa. Na sha ruwan gishiri, na yi tari, na kama kafaɗarsa.

"Tun daga wancan dutsen ba ka taka komai ba," in ji shi.

Ranar ban yi gudu zuwa gida ba, tafiya na yi a hankali, ina ta hamdala.

Ana cikin haka ciwon ƙirji ya kwantar da ni. Na yi kwanaki ina tari, ko masallacin da muke yi a ɗakin wani Bapakistane ban iya zuwa ba. Modu ya daina tsokana. Ya riƙa dafa mini romon kaza da yajin da yake ɓoyo a ƙasan akwatinsa, wanda ko ranar Sallah bai fito da shi ba. Da na fara samun sauƙi ya zauna a bakin gadona.

"Buba, wa'adinka ya cika tuni. Ka koma tafkin kwaleji ko sau ɗaya ne. A can za a gwada ka, ba a teku ba."

"Ruwa ai ruwa ne."

"Ba ruwan ne ya hana ka ba, gajeren mutumin nan ne. Ka je ka ce ya yi haƙuri, ba a mutuwa."

Na ce na ji. Ban je ba. Da na warke na koma wajen tsofaffina, inda ba wanda ya taɓa ganin kunyata.

Hunturu ya fara sassautawa, ƙanƙara ta narke, ranar ta zo. Na yi wanka da sabulu har fatata ta yi fari. A ƙofar ɗakin tafki gajeren mutumin yana tsaye. Ya sa yatsa ya shafi damtsena, ya duba, ya matsa mini hanya. Maganar haƙuri ta zo mini har baki, na haɗiye ta. Har na baro ƙasar ban faɗa masa ba, kuma yau babu inda zan same shi.

Sajan ya ce kowa ya yi irin iyon da ya ga dama, ƙafa dai kada ta taɓa ƙasa. Ya busa usur, muka faɗa.

Nan take na san akwai matsala. Ruwan ya ƙi ɗaukata. A teku jikina yakan taso da kansa, a nan kuwa ƙuguna ya nutse, ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi. Ashe gishiri ne yake tallafe ni duk wannan lokaci, ban sani ba. Da na bi maganar Modu da na gano haka tun da sauran lokaci. Ga ɗumin ruwan ya kashe mini jiki, ga warin maganin da suke zubawa yana shiga hanci. Na kai ƙarshe na juyo da kyar. A dawowa, wajen da ba zurfi, na shaƙi ruwa, ƙirjina ya toshe. Ina ganin farar tangaran a ƙasana, kusa ƙwarai, taku ɗaya kawai in miƙe in yi numfashi. Na ji gwiwata ta fara lanƙwashewa da kanta.

Sai na juya rigingine. Na dubi rufin ɗakin, na fitar da iska a hankali, na bar tarin ya wuce. Ruwa yana rufe mini kunne, ba na jin komai sai bugun zuciyata. Na fara motsa ƙafa kaɗan kaɗan, ina jan ruwa da hannu ta gefe. A haka na ci gaba, ba na ganin inda za ni, sai kaina ya bugi bango in juya. Na ƙirga ƙarafan rufin nan har na haddace su. Ɗaya bayan ɗaya na ji ruwan yana yin shiru, mutane suna fita. Da hannuna ya taɓa bango na ƙarshe, ba kowa a ɗakin sai Sajan da mai farar riga.

"Kekenka na jiranka," in ji Sajan.

A waje keke ɗaya ne ya rage a jikin katanga. Na hau da jiƙaƙƙen jiki, iska tana dukana, amma wanda ya yi hunturu a teku wannan iska ba ta ce masa komai ba. Ƙafafuna ne dai suka mutu. A nan keken da na yi wa mai gyara faɗa a kansa ya biya ni, don ko na so in huta feda ba ta yarda. A hawan tsauni na cim ma mutum biyu suna tura nasu. A gangara na wuce wani. Da na sauka na fara gudu, sai na ji kamar ƙafafun aro ne aka ba ni. Na bi bakin teku ina kallon hasumiyar da ƙararrawar take, ina roƙon Allah ya riƙe hannun mai kaɗa ta.

A kwanar ƙarshe na hango wani abu mai kama da buhun auduga a gefen hanya. Modu ne cikin bargonsa. Ya biyo ni yana ɗan sassarfa, silifa na faɗuwa.

"Yi sauri, bawan banza. Idan ka faɗi wa zai ɗauki akwatina zuwa Gombe?"

Ban da numfashin ramawa. Na shiga ƙofar kwaleji na dafa gwiwa, ban ɗago ba sai da na ji ƙararrawar ta fara bugawa a samana.

Sajan ya zo ya tsaya a gabana, hannunsa a baya.

"Mista Buba, tun da nake ban taɓa ganin iyo mai muni irin naka ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Amma ka ci. Idan ka koma ƙasarku, kada ka koya wa yara da rigingine kawai."

Ya juya ya tafi. Na zauna a kan ciyawa mai raɓa, Modu ya cire bargonsa ya yafa mini, karo na farko da na ga ya rabu da shi a waje.

Kashegari na tashi jikina duk tsami. Na sa wandona mai kyau da rigar Modu, na taka a hankali zuwa ƙarshen gari don in kai wa tsofaffin labari in yi musu godiya. A hanya na shirya maganar da zan yi, mai tsawo, da Turancin da ya fi kowane kyau a bakina. Na same su sun fara tuɓewa. Ani ta dubi fuskata ta gane, ta riƙe hannuna da nata biyu. Na matsa wajen Tom, na fara jawabi, ashe ta gefen mataccen kunnen na tsaya. Ya gama shafa mansa, ya rufe gwangwani, ya dube ni da kayana.

"Ka makara," ya ce. "Ruwa ya fara janyewa."

Na ce masa ai an gama, na ci, ba sauran abin da ake nema a wajena.

"Madalla. Ina tawul ɗinka?"

Ban zo da shi ba. Ani ta ciro wani daga jakarta ta ajiye a kan dutse. Na dubi tekun, toka toka, yana tashi yana kwanciya. Na cire takalmi na jera su, na ninke wandona mai kyau na ɗora a kai, na bi bayan tsohon.